Daga Sabha zuwa Ɗambatta: zangon da ya fi wuya shi ne na ƙofar gida

Wataƙila kana cikin waɗanda suka bi labarin Pelumi Nubi, matashiyar nan da ta tuƙo 'yar ƙaramar motarta ita kaɗai daga Landan har Legas a 2024. Ta taso a ƙarshen Janairu, ta yi haɗari a Kodebuwa, aka gyara motar ta ci gaba, ta iso a farkon Afrilu aka tarye ta da kiɗa da kyamarori. Kafin ita, a 2022, Kunle Adeyanju ya yi irin wannan tafiya a kan babur. Mun yaba musu, mun yaɗa bidiyonsu, kuma sun cancanta. Hanya ba wasa ba ce.

To bari in ba ka labarin wani bidiyon da ba a yi wa tafi ba. Bai kai minti ɗaya ba. Wani ne ya ɗauka da wayarsa a tashar mota a Ɗambatta: wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu uku suna saukowa daga motar haya da ta fito daga Daura, ƙura har a gashin ido. Kayansu jaka huɗu irin ta Gana-mas-go, da kan keken ɗinki naɗe cikin bargo, da wani akwatin ƙarfe. Wanda ya ɗauka ya rubuta a ƙasa wai 'yan Libiya sun sauka. Kafin magariba bidiyon ya zagaye zaurukan WhatsApp na yankinmu. Wani ya ce shekara 9 a waje amma ko babur babu. Wata ta ce a duba yadda matar ta ƙare. Wani kuwa fuskokin dariya ya jera, bai ce uffan ba.

Magidancin nan Yayana ne, ɗan yayar mahaifiyata. Matar kuma Anti nake kiranta. Ba zan faɗi sunansu ko na ƙauyenmu ba, kallon da suka sha ya ishe su. Amma da yardarsu nake rubuta wannan, kuma magana ɗaya nake so ka tafi da ita: a duk tsawon hanyarsu daga Sabha ta kudancin Libiya har gida, zangon da ya fi ba su tsoro ba Sahara ba ce. Zangon ƙarshe ne, daga bakin titi zuwa ƙofar gida. Kuma ni da kai ne muka mai da shi haka.

Mu fara da hanyar kanta, don mai dariya ya san abin da yake yi wa dariya. Daga Sabha mota takan yi kudu zuwa Gatrun, ta tsallaka iyakar Nijar ta wajen Madama, ta gangaro Dirku, sannan ta ratsa hamadar Tenere zuwa Agadas. A mafi yawan wannan tsakani babu kwalta, babu sabis, babu inuwa. Masu Hilux sukan gama ta cikin 'yan kwanaki. Manyan motocin nan kuwa da ake lafta wa kaya, mutane su zauna can a bisa, sukan fi mako guda, in kuma inji ya ƙi, sai yadda Allah ya yi. Irin wannan su Yaya suka hau, don ita ce kuɗinsu ya kai, ita ce kuma za ta ɗauki keke da akwati. A wannan hanyar ce, tsakanin Agadas da Dirku, mutum 44 suka mutu da ƙishirwa a 2017 bayan motarsu ta lalace, cikinsu da 'yan Najeriya da 'yan Gana, da mata da jarirai.

Daga Agadas an samu titi, ko da yake a wasu wurare sunansa ne kawai titi. Kilomita sama da 400 ne zuwa Damagaram ta Tanut. Daga Damagaram sai Matamaye, sai bakin iyaka a Kwangwalam, sai Daura, sai Kazaure, sai Ɗambatta. A kowane shinge sai an sauko, an kwance kaya, an ɗaure, an kuma sa hannu a aljihu. Kuɗin da suka fito da su dinari ne, suka koma sefa, suka koma naira, kuma duk canji sai ya ɗan gutsira. Wannan ba sabuwar hanya ba ce, ita ce dai ta kakanni. Tun kafin mota, fatake daga Gadamas da Tarabulus suke ratsa wannan hamada da raƙuma su sauke a Kasuwar Kurmi. Baturen nan Heinrich Barth ma daga Tarabulus ya taso, ya biyo ta Agadas, ya shigo Kano a 1851. Raƙumi ne kawai ya koma mota, yashin da ƙishirwar suna nan yadda suke.

Me ya taso su? A Sabha Yaya magini ne, gwani a shimfiɗa tayil da filasta. Anti tana yi wa matan baƙi ɗinki a cikin gida. Ba su yi arziki ba, ba su kuma kwana da yunwa ba. Amma tun faɗuwar Gaddafi a 2011 ƙasar ba ta zauna daidai ba, kuma baƙar fata marar takarda shi ne a ƙasan kowa. Ka tuna bidiyon da CNN ta fitar a 2017 na gwanjon mutane a Libiya, wanda ya tayar da hankalin duniya? Su a kusa da irin wannan suke kwana. Ranar da aka ɗauke wani maƙwabcinsu aka riƙa bugo wa danginsa waya ana neman kuɗin fansa, ranar Anti ta fara haɗa kaya. Ga yara sun isa makaranta babu takardar da za a sa su. Ga Inna, mahaifiyar Yaya, jiki ya fara nauyi, kullum saƙonta ɗaya ne, a kawo mata jikokinta ta gan su.

Anti ce ta ba ni labarin abin da ya faru a hanya, tana tankaɗen gari. Ta ce a cikin yashi Yaya namiji ne sosai. Shi ke raba ruwa da murfin jarka, shi ke rufe yara da rawaninsa in iska ta taso, da dare in sanyi ya sauko har labarin ban dariya yake ba su. Amma suna barin Damagaram, da suka fara ganin kuka da gawo da rumbunan gero irin namu, sabis ya dawo waya ta fara ƙara, sai bakinsa ya mutu. A Daura, suna jiran mota ta cika, ya ja ta gefe. Ya ce ko dai su wuce Kano kai tsaye, su kama ɗaki a Rijiyar Lemo ko Kurna ba tare da kowa ya sani ba, ya yi aiki wata shida ya ɗan farfaɗo, ya ɗinka sutura, sannan su shigo gida a shatar mota kamar yanzu suka sauka.

Ta ce masa: "Malam, yashi bai kashe mu ba, bakin mutane ne zai hana Inna ganin jikokinta? In ta rasu cikin wata shidan nan, wa za ka nuna wa shaddar?"

Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Mutum ya ratsa hamadar da ta cinye mutane, ya zo kusa da ɗakin mahaifiyarsa, tafiyar da ba ta kai ta rabin yini ba, amma yana shawarar ya wuce ta gaban garinsu ya ɓuya a birni. Ba ɗan fashi yake gudu ba. Wayarka yake gudu. Kuma bai yi kuskuren hasashe ba, tun da kafin ya isa gida bidiyonsa ya riga shi.

Sai dai ba baki kaɗai ke jiran mai dawowa ba, akwai ƙasa. In kai ɗan birni ne, ko ɗan inda daji ke da faɗi, da wuya ka gane yadda gona take a wajenmu. Daga Ɗambatta zuwa Makoɗa, Kunci, Bici, Minjibir, ka hau babur ka yi ta tafiya, ba za ka ga dajin da babu mai shi ba. Gona tana manne da gona, iyaka 'yar siririyar gamba ce ko jerin lalle. Duk bishiyar ɗorawa da kuka da ka gani, akwai mai ita. Ba a barin gona ta huta, kowace shekara sai an noma ta, taki ne ake ɗebowa daga turke da bola, a kan jaki ko amalanke, ake riƙe ƙarfinta. Tun a shekarun 1960 wani masani Bature, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan yanki da ke kewaye da Kano, yana mamakin yadda mutane masu yawa haka ke rayuwa a kan ƙasa 'yar kaɗan ba tare da sun kashe ta ba. Daga lokacin zuwa yau mutane sun ninninka, ƙasar kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba.

A irin wannan wuri gona ba ta jiran kowa. Yaya yana Libiya mahaifinsu ya rasu, aka raba gandu. A shari'a nisa ba ya hana mutum gadonsa, don haka aka fitar masa da kasonsa, 'yar gona ɗaya madaidaiciya. Tun da ba ya nan, aka ba wani ɗan baffansu aro. Da ciwon Inna ya tashi aka buƙaci kuɗin asibiti cikin gaggawa, kiran waya bai shiga Sabha ba, sai aka jinginar da gonar ga wani mai hali a ƙauyen gaba. Ba a rubuta komai ba. Shaidu biyu ne, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya. Kuɗin da Yaya ya riƙa aikowa don a saya masa fili a bakin titi kuwa, wani kaso ya tafi a takin zamani, wani a auren ƙanwa, wani a magani. Ina so ka ji wannan da kyau: babu wanda ya sace masa ko sisi. Buƙata ce ta ci, kamar yadda take ci a kowane gida. Amma sakamakon dai ɗaya ne, mutum ya dawo da iyali biyar, ba gona, ba fili, ga ɗaki ɗaya a gidan gado.

Yanzu haɗa abubuwan biyu. Wanda ke waje ya san in ya dawo hannu ba nauyi za a yi masa dariya, don haka sai ya ƙara shekara, ko Allah zai sa ya samu na mota. Duk shekarar da ya ƙara kuwa, gonarsa na ƙara nisa da shi, shaidu na ƙara tsufa, 'ya'yansa na ƙara zama baƙi. Da ya ga haka sai ya ƙara jin kunyar dawowa, ya sake ƙara wata shekarar. Haka mutum zai tafi cin rani da niyyar damina biyu, ya wayi gari da furfura a ƙasar da ko kabari ba shi da tabbacin samu cikin mutunci. Wannan tarkon ba a Libiya kaɗai yake ba. Tambayi duk wanda ke da 'yar uwa a Jidda ba iƙama, ko ɗan uwa a Tamanrasset, ko a wuraren haƙar zinare na arewacin Nijar. Da yawansu ba daɗi ne ya riƙe su ba. Tambayar nan ce ta "me ka kawo?"

Ba haka muka gada ba fa. Kakanninmu sun yi tafiyar da ta fi wannan nisa. Mutum da matarsa za su tashi a ƙafa zuwa Makka, su bi ta Barno, su ratsa Cadi, su shiga Sudan, su tsaya su yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira har su tara na jirgin ruwa. Wasu sukan yi shekaru kafin su dawo, wasu ba su dawo ba sam, shi ya sa har gobe akwai Hausawa birjik a Sudan, har da garin Mai Wurno a gaɓar kogin Nilu. Wanda Allah ya dawo da shi, sau da yawa daga shi sai buta da 'yar jakar dabino da ɗan ruwan zamzam. Amma gari kan fita ya tarye shi. Abin murnar shi ne ya tafi da rai ya dawo da rai. Yaushe muka canza ma'auni? Yaushe "barka da zuwa" ta koma "mu ga makullin mota"?

Ina ganin waya ta taimaka wajen canza shi. Wanda ke waje ba ya ɗora hoton ɗakin da suke kwana su takwas. Gaban wani katafaren kanti yake tsayawa, ko ya jingina da motar mai gidansa, ya ɗauka ya sa a Facebook. Mu a gida mu ga hoto mu ce wane ya haye. Shi ya yi ƙaryar don kada a raina shi, mu kuma muka karɓa muka ɗora masa bashi a kai. Ranar da ya sauko da Gana-mas-go sai mu ji kamar ya yaudare mu, alhali tare muka gina ƙaryar. Ka duba ma yadda tausayinmu ke zaɓe. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ɗalibanmu suka fito daga Khartoum a manyan motoci suka maƙale kwanaki a iyakar Masar, duk mun yi musu addu'a, mun matsa wa gwamnati har aka kwaso su. Daidai ne. To me ya sa magini da telar da suka tsere wa irin wannan bala'i su nasu rabon dariya ne?

Na san abin da wani zai ce. Zai ce ai tsaraba al'adarmu ce, kuma dangin da suka sayar da rago ko buhun gero aka haɗa wa mutum kuɗin mota suna da haƙƙin su sa rai. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma tsaraba alama ce ta "na tuna da ku", ba jarabawa ba ce da ake ci ko a faɗi. Kuma in lissafi za a yi, a yi shi cikakke. Bankin Duniya yana ƙiyasta kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa gida da kusan dala biliyan 20 a shekara. Na irin su Yaya, da ke biyowa ta hannun direbobi da 'yan kasuwa, ba lallai su shiga wannan lissafi ba. Amma su ne rufin kwanon da ke kan ɗakin Inna, su ne gadon da aka kai ƙanwarsa da shi. Tsarabarsa ta riga shi isowa shekara da shekaru, mun cinye, sannan muka tsaya a tasha muna leƙa jakarsa.

Wani kuma zai ce to ai su suka kai kansu, wa ya aike su? A nan ma akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba zan rufe laifin matafiya ba. Akwai wanda zai tafi ya yi shekaru ko gaisuwa babu, ya bar mata da yara a wuyan tsohon da shi ma taimako yake nema, sai duniya ta juya masa baya ya tuna hanyar gida. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaya kansa ya yi sakaci, shekara 9 bai taɓa cewa a rubuta masa ko layi ɗaya a kan gonarsa ba. Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce na ce a bi Sahara. Ban ce ba. Wanda ya maƙale a Libiya ko Nijar, hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, tana da shirin mayar da mutane gida bisa raɗin kansu, tana da sansani a Agadas, kuma hukumar NEMA ta sha karɓar irin waɗannan mutane a Kano. Wannan ya fi hawa saman kaya da jarirai. Amma ko mutum ya yi kuskure wajen tafiya, dawowarsa gyara ce. Ina hikimar a hukunta mutum a kan gyaran da ya yi?

Saboda haka, kai da kake waje kana karanta wannan a wayarka bayan an tashi daga aiki, ko kai da kake haɗa kuɗin tafiya yanzu, ka sani dawowa aiki ce, tun ranar fita ake fara shirya ta. In kana da gona ko kana sa ran gado, ka sa a rubuta, ko aro ne ko haya ko jingina, nawa ne, har zuwa yaushe, a gaban mai unguwa ko dagaci, da shaidu waɗanda ba tsofaffi kaɗai ba. A ɗauki hoton takardar a turo maka. Wayar da ke iya ɗaukar bidiyon tsiya tana iya ɗaukar wannan. In ka aiko kuɗi, ka raba: wannan na cefane da magani ne, wannan na ajiya ne, kuma kada su zauna a hannu ɗaya, don kada ka jarabci ɗan uwanka da abin da kai ma ba za ka iya ba. Ka riƙa faɗa wa gida gaskiyar halin da kake ciki, ko da ba ta da kyan hoto. Ka yi wa 'ya'yanka Hausa a cikin ɗaki. Na Yaya sun iso Larabci ya fi ƙarfi a bakinsu, yaran gari suka yi ta kwaikwayonsu har babbar ta ƙi fita ƙofar gida mako biyu.

Ke kuma 'yar uwa da ke can tare da maigida, kada ki bari a maishe ki kaya cikin kaya. Ki san abin da aka tara da inda aka ajiye, ki riƙe sana'arki da hannu biyu. A Gatrun an so a bar keken Anti saboda nauyi, ta ce sai dai a bar jakar tufafinta. Aka yi mata dariya a lokacin. Ki biyo ni ki ji abin da keken ya yi.

Mu kuma na gida, namu ya fi sauƙi, don ba ya cin ko naira ɗaya. In ka ga mutum ya sauko da ƙura a tasha, ka mai da wayarka aljihu ka kama masa jaka. In bidiyon ya shigo zaurenku, kada ka tura gaba, kuma ka yi ƙarfin halin cewa wanda ya turo ya goge. In ka je gaisuwa, ka tambayi hanya da lafiyar yara, ka tambaye shi wace sana'a ya iya, don wataƙila kai ka san mai neman irinta. Wannan tambayar ita ce mai amfani. Yankinmu yana canzawa, gine-gine na tashi a Ɗambatta da Bici, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda aka tsara zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Mutumin da ya yi shekaru yana gini ko walda ko gyaran inji a wata ƙasa ba fanko ya dawo ba. Jarinsa a hannunsa yake, ba a cikin jaka ba, shi ya sa kyamara ba ta gan shi ba.

Ga yadda ta kaya. An zauna a ƙofar gidan dagaci, a ƙarƙashin darbejiya, sau uku. Shaidan da ya rage ya faɗi abin da ya sani, wanda aka jinginar wa ya ji tsoron Allah bai ƙara ko kwabo ba. Aka yanke cewa zai girbe abin da ya shuka a wannan damina, Yaya kuma ya biya kuɗin jingina kafin a fara sharar gona ta gaba. Akwatin ƙarfen nan da aka yi wa dariya, injin yankan tayil ne a ciki da sauran kayan aiki. Da shi Yaya ya fara kama aiki a cikin Ɗambatta, daga baya har Kano ake kiransa. Da azumi ya zo, Anti ta kafa kekenta a zaure, ɗinkin da ta koyo a can ya zama abin yayi, har wadda ta rubuta a duba yadda ta ƙare ta kawo nata yadin. Anti ta karɓa ta auna ta, ba ta ce komai ba. Su biyun suka haɗa kuɗin, aka fanshi gona, wannan karon da takarda.

Ba su yi arziki ba, kada ka ɗauka fim ne. Har yanzu ɗaki ɗaya ne da rumfa, kuma geron da gonar ke bayarwa ba ya kai su shekara. Amma Inna ta ga jikokinta. Ta yi wata bakwai tana sa su a gaba tana gyara musu Hausa, tana ba su fura da hannunta, sannan Allah ya karɓi abinsa. Yaya ne ya shiga kabari ya karɓe ta. Da ya bi shawarar da ya kawo a Daura, ya ɓuya wata shida don gudun bakinmu, ka lissafa da kanka abin da zai rage masa.

A wannan daren da kake karatu, akwai wasu ma'auratan a wani ɗaki a Sabha, ko Jidda, ko Kumasi, ko ma nan Legas, suna ƙirga abin da ke hannunsu suna tambayar juna ko ya isa a shiga gari da shi. Kafin su yanke shawara za su buɗe waya su ga yadda muka yi wa wanda ya riga su. Abin da ka rubuta a ƙarƙashin wancan bidiyon, da su kake magana. Ka rubuta abin da zai sa su kamo hanya.

Allah ya dawo mana da matafiyanmu lafiya, ya sa mu iya cewa sannu da zuwa ba tare da leƙa jaka ba.